Sarƙar Lokaci da Ɗigon Mai: Iyakar Ƙaddara da Sakaci a Cikin Injin A-kori-kura

Daga cikin kalmomin da suka fi saurin zuwa bakin Bahaushe idan mota ta mutu a tsakiyar hanya akwai ƙaddara da tsautsayi, kuma duka biyun suna da nauyi a addini da al'ada, domin ta farko tana nuni ga abin da Allah ya hukunta tun fil'azal, ta biyu kuwa tana nufin masifar da ta faɗo wa mutum ba tare da ya hango zuwanta ba. Abin da ya kamata a bincika shi ne ko kowace lalacewa ta cancanci waɗannan sunaye a ma'anar da jama'a ke nufi da su, wato ma'anar da ke wanke mai abin daga zargi, ko kuwa akwai lalacewar da, duk da tana cikin hukuncin Allah kamar kowane abu, sunanta a wajen shari'a da hankali shi ne sakaci. Tambayar tana ƙara tsanani idan mai motar ne ya kwance injin da hannunsa ya mayar, saboda a wannan hali babu bakaniken da za a ɗora wa laifi, kuma da wuya a sami wani aiki a cikin inji da ya fito da matsalar fili kamar sauya sarƙar lokaci da zoben robar da ke tare baƙin mai a gaban injin.

Motar da ake kira a-kori-kura, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ta daɗe tana ɗauke da wani babban yanki na rayuwar Sakkwato da kewayenta. Ita ke kwaso albasa da tumatir daga fadamun kogin Rima ta wajen Wurno da Goronyo, ita ke sauke buhunan gero da awaki a Kasuwar Kara, ita ke shigar da simintin Kalambaina ƙauyukan da tirela ba ta iya zuwa, kuma ita ke kai da kawowa a hanyar Illela zuwa bakin iyakar Nijar. Sunan ya fi manne wa Peugeot 404 da 504, waɗanda ake ce wa Fijo, musamman bayan masana'antar harhaɗa su ta fara aiki a Kaduna a 1975, sannan daga baya Toyota Hilux ta karɓe fagen. Injinan fetur na waɗannan motoci da sarƙar ƙarfe suke aiki, alhali da yawa daga injinan dizal na Hilux bel ɗin roba mai haƙora gare su, saboda haka sanin wanne ne a cikin motar mutum shi ne matakin farko na ilimin. Ƙasar kanta ba ta tausaya wa inji, domin zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana ratsa kowace kafa, lodin da ake yi wa motar kuma ya saba wuce abin da maƙerinta ya tsara.

Inji mai bugu huɗu, tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya tabbatar a 1876, yana aiki ne da fiston da ke hawa da sauka a cikin silinda: ya sauka ya zuƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta ingiza shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowace silinda tana da ƙananan ƙofofi da ake kira bawul, na shiga da na fita, kuma dole kowace ta buɗe ta rufe a daidai lokacinta. Sandar ƙarfe mai gwiwoyi da fistoci ke juyawa a ƙasan inji ita ce karanshaf, sandar mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke danna bawuloli kuma ita ce kamshaf, abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne sarƙar da kanikawa ke kira tayimin cen, wato sarƙar lokaci, wadda ke zagaye faifai biyu masu haƙora, ƙarami a ƙasa da babba mai ninki biyu na haƙoransa, ta yadda duk juyi biyu na karanshaf kamshaf zai yi ɗaya. Idan inji yana juyi 3000 a minti, karanshaf na zagayawa sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. Idan aka ɗauka ƙaramin faifan yana da haƙora 18, babban yana da 36, to tsallaken haƙori ɗaya kacal yana gusar da lokacin bawul da digiri 20 na juyin karanshaf, wanda ya isa ya kashe ƙarfin mota; tsallaken haƙora kaɗan a kan haka kuwa, a injinan da fiston da bawul ke bin sarari ɗaya a lokuta mabambanta, yana sa su yi karo, bawul ya lanƙwashe, aikin da zai ci kuɗin sarƙa ya koma kwance kan inji gaba ɗaya.

Sarƙa ba ta tsinkewa haka kawai a galibin lokuta. Ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta suna cinyewa kaɗan-kaɗan har jimlar tsawonta ta ƙaru, wanda shi ake nufi da cewa ta miƙe, sai wata ƙaramar na'ura mai suna tenshina ta riƙa turo ta tana ɗame ta, takalman roba masu tauri kuma suna riƙe ta a kan hanya. A injin Toyota mai lamba 22R, wanda ya yi suna da juriya, kamfanin ya sauya sarƙa mai layi biyu zuwa mai layi ɗaya da takalman roba a 1983, kuma an san cewa idan takalmin ya karye aka ƙyale shi, sarƙar kan riƙa dukan murfin gaba tana sassaƙarsa har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Kafin a kai nan kuwa injin ya yi watanni yana gargaɗi, domin da asuba, a daƙiƙun farko bayan an tayar da shi, akan ji kacau-kacau daga gabansa kafin ƙarar ta lafa.

Zoben robar da ake kira sil, ko oyal sil, labarinsa daban ne. Yana zaune a inda bakin karanshaf ya leƙo waje ya riƙe garen da ke juya fanbel, yana da siririn leɓe da wata 'yar waya mai naɗi ke matse shi a jikin ƙarfen da ke juyawa, aikinsa kuma ya bar ƙarfe ya juya amma ya hana mai fita. Abin da zai ba Basakkwace sha'awa shi ne cewa irinsa na farko da fata aka yi shi, kuma kamfanin Freudenberg na Jamus, wanda ya fito da wani shahararren nau'insa wajen 1929, asalinsa majema ne, sana'ar da birnin Shehu ya yi suna da ita saboda fatar jar akuya. Zafi yana busar da roba ta yi tauri ta tsage, ƙura tana taruwa a bakin leɓen ta zama kamar takardar gurza har ta yanke wa ƙarfen zobe, idan kuma hanyar da inji ke numfasawa ta toshe, iskar da ta taru a ciki takan turo man ta kowace kafa mai rauni. Sil ba ya kashe mota a take. Ɗigo yake yi, ɗigon da mai mota ke gani da safe a ƙasan inda ya ajiye ta, ya zuba masa ƙasa da ƙafa, ya ƙara mai idan ya tuna.

A nan ne al'amura biyun suka haɗu, kuma a nan ne tambayar ta sami ƙafar tsayawa. Tenshina da ƙarfin baƙin mai take turawa, sarƙa kuma da man take samun santsi, saboda haka sil da ke yoyo yana rage man, man da ya ragu yana saurin zafi da datti, tenshina ta yi sanyi, sarƙa ta saki ta fara dukan takalmanta, har ranar da za ta tsallake haƙori a kan hanya da cikakken lodi. Lalacewar da ta zo a daƙiƙa ɗaya, wadda kowa zai kira tsautsayi, jikanyar ɗigon da aka yi watanni ana rufewa da ƙasa ce.

Mai tsaron kalmar ƙaddara yana da hujja mai ƙarfi, kuma daga cikin gidan ilimin Sakkwato zai ɗauko ta. Aƙidar da malaman jihadi suka karanta suka karantar ita ce ta Ash'ariyya kamar yadda Muhammadu bin Yusuf Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya tsara ta a cikin Ummul Barahini da sauran littattafansa, kuma ɗaya daga ginshiƙanta shi ne cewa babu wani abin halitta da ke da tasiri da ɗabi'arsa ko da wani ƙarfi na kansa. Wuta ba ita ke halittar ƙuna ba, wuƙa ba ita ke halittar yanka ba. Allah ne ke halittar ƙunar a lokacin da wuta ta taɓa abu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wannan bayani da misalin wuta da auduga a cikin Tahafutul Falasifa, inda ya nuna cewa abin da ido ke gani shi ne abubuwa biyu suna faruwa tare, ba ɗayan yana tilasta samuwar ɗayan ba. Idan haka ne, in ji mai wannan hujja, ƙarancin mai ba shi ya kashe tenshina ba, sakin sarƙa ba shi ya lanƙwasa bawul ba, mai motar kuma bai yi komai ba face tsayawa a inda hukunci ya same shi.

Ibn Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya mayar wa Gazali martani da cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi, tunda sanin abu shi ne sanin sababinsa. Sai dai ba a buƙatar barin mazhabar Sanusi kafin a rusa hujjar mai sakaci, domin Sanusin kansa, a cikin Muƙaddimat, ya kasa hukunci gida uku. Akwai hukuncin shari'a, wato abin da Allah ya wajabta ko ya hana ko ya halatta. Akwai hukuncin hankali, wato abin da hankali ke yankewa ba tare da jiran gwaji ba, kamar cewa rabi bai kai duka ba. Sannan akwai hukuncin al'ada, wato tabbatar da alaƙa tsakanin abubuwa biyu ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa kuma ɗayan ba shi ke halittar ɗayan ba. Kalmar al'ada a nan ba tana nufin gargajiyar mutane ba, tana nufin tsarin da Allah ya saba gudanar da halittarsa a kai. Ilimin kanikanci gaba ɗayansa hukuncin al'ada ne, kuma aƙidar ba ta taɓa cewa wannan hukunci banza ne ba. Abin da ta kore shi ne a ɗauki sababi a matsayin mahalicci, ba a san shi ko a yi aiki da shi ba. Malaman wannan fanni sun ma ware kuskuren wanda ya ɗauka alaƙar ba ta taɓa saɓawa daga kuskuren wanda ya ba wa sababi tasiri, amma babu inda suka yabi wanda ya ga hanyar da aka saba ya kau da kai yana jiran a keta masa ita.

Sarƙar lokaci ta sa wannan bambanci ya fito sarai saboda tsananin daidaiton da take nema. Mutumin da ya yi imani cewa Allah ne ke halittar kowace buɗewar bawul, sau 25 a daƙiƙa, shi ya fi kowa dalilin lura da cewa ana halittar ta ne a kan tsari ɗaya da ba ya sauyawa daga Sakkwato zuwa Japan, kuma wanda ya ɗora sarƙa a haƙorin da ba nata ba sannan ya yi fatan injin ya tashi lafiya, abin da yake nema shi ne a keta al'ada dominsa. Keta al'ada kuwa, a harshen malaman tauhidi, shi ne ma'anar mu'ujiza ga annabi da karama ga waliyyi, kuma neman ta don a rufe lalaci ya fi kusa da rashin ladabi fiye da tawakkali.

An saba kawo hadisin Balaraben ƙauye da raƙuminsa a irin wannan magana, wanda Tirmizi ya ruwaito, inda aka umarci mutumin ya haɗa ɗaure dabbarsa da dogaro ga Allah. Hadisin ya kafa asalin, amma bai ƙare mas'alar da ke nan ba, saboda ɗaure raƙumi aiki ne da kowane mai raƙumi ya iya, alhali ɗaura sarƙar lokaci sababi ne da ke buƙatar wani sababin kafinsa, wato koyo. Tambayar ta tashi daga ko mutum zai yi riƙo da sababi ta koma ga wane sababi ne nasa: ya kwance da kansa, ko ya kai wa wanda ya iya.

Fiƙihun Malikiyya ya yi wa mai sana'a hukunci na musamman wanda ke haskaka wannan. Asalin ƙa'ida shi ne cewa wanda aka ba wa ajiya ko aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai an tabbatar ya yi ta'adi ko sakaci. Amma an cire masu sana'a daga wannan asali a mas'alar da ake kira tadminus sunna'i, wato ɗora musu lamuni, ma'ana wajabcin biyan abin da ya salwanta, kuma Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malaman Sakkwato, ta tabbatar da shi ko da mai sana'ar bai karɓi lada ba. Sharuɗɗan da malamai suka ambata su ne ya kasance ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, ya kasance ya keɓanta da kayan ba a gaban mai su ba, kuma babu shaidar da ta nuna sun halaka ba da sa hannunsa ba. Ibn Rushdi ɗin nan, a cikin Bidayatul Mujtahid, ya bayyana cewa madogarar hukuncin ita ce maslaha da toshe kafar ɓarna, domin jama'a ba su da makawa daga masu sana'a, kuma da za a gaskata kowane ɗayansu da zarar ya ce abu ya lalace, da dukiyoyi sun tafi a banza. Wato dai shari'a ta ƙi karɓar kalmar ƙaddara daga bakin mai sana'a sai da hujja, ba don ta musanta ƙaddara ba, sai don ta san yadda ake fakewa da ita. Akwai kuma wani abin lura ga masu motocin da ke wuni a kan benci a gareji suna kallon bakanike don tsoron kada a musanya musu kaya: zamansu a wurin, bisa wannan ƙa'ida, yana sauke wancan lamuni na musamman daga kansa, ya bar shi da alhakin kuskuren da aka iya tabbatarwa kawai.

Wanda ya kwance injinsa da kansa ya fita daga wannan tsari duka, tunda ya zama mai kaya kuma mai sana'a a lokaci ɗaya, babu wanda zai kai ƙara kuma babu wanda zai biya shi. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, kuma tarihin garin yana bayansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Sakkwato a 1809 ya rasu a 1837, ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen neman halal da darajar cin guminka, ya kuma shawarci Sarkin Katsina Umaru Dallaji a cikin Usulus Siyasa da ya kula da masu sana'o'in hannu, unguwa irin Maƙera Assada kuma shaida ce cewa aikin ƙarfe tsohon abu ne a birnin. Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su cikin faralu kifaya, wato wajibin da idan wasu suka ɗauke ya faɗi daga kan saura. Ga kuma matsin zamani, domin tun bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi, kuma sil abu ne mai arha wanda isa gare shi ke cin wuni guda na kwance-kwance, saboda haka mai a-kori-kurar da ya ce zai ajiye kuɗin aikin ya ciyar da iyalinsa bai faɗi abin kunya ba.

Sai dai lamunin da ya bar hannun bakanike bai ɓace ba, wurin zama ya sauya. Da motar kayan ado ce da ke ajiye a gida, da iyakar abin da za a ce shi ne tozarta dukiya abin ƙi ne ko da dukiyar mutum ce. A-kori-kura kuwa kayan mutane take ɗauka, da su kansu mutanen a saman kayan. Imamu Malik ya ware masu dakon abinci ya ɗora musu lamuni kamar masu sana'a, kuma ko da yake dalilinsa shi ne saurin miƙa hannu ga abin ci, hukuncin ya nuna cewa mai ɗaukar hatsin jama'a ba a cikin harkarsa ta kansa kaɗai yake ba. Kwandunan tumatir da suka wuni a rana a gefen titi asarar manomi ce, tsayawar mota da dare a hanyoyin gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, a shekarun nan na rashin tsaro, ta wuce maganar asarar kaya. Hadisin da Abu Dawuda da wasu suka ruwaito game da wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba, wanda ya ɗora masa lamunin abin da ya ɓata, ya kafa ma'aunin da ya dace da nan, wato cewa kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin ƙwarewa idan cutarwar za ta faɗa kan wani.

Ilimin da aikin ke nema kuwa abu ne da ake iya ƙidayawa, wanda shi ya sa uzurin jahilci ke da rauni a cikinsa. Kafin a cire komai sai an juya injin har fiston na farko ya kai ƙololuwa a bugun matsewa, an ga alamomin da maƙeri ya buga a jikin faifan biyu sun tsaya inda ya kamata. A injin 22R akwai wani noti da ya sauko daga kan inji ya kama murfin gaba, yana ɓoye a cikin tafkin mai a ƙarƙashin faifan kamshaf, kuma wanda bai san da shi ba yakan ɗauka murfin ya manne ne, ya sa ƙarfe ya ɓanɓare shi ya fasa. Gutsattsarin takalmin da ya karye suna faɗawa kwanon mai na ƙasa, idan ba a sauke shi an kwashe su ba sai su toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, haka ma gam ɗin da aka lafta fiye da kima. Sabon sil ana shafa wa leɓensa mai, a shigar da shi a miƙe, gefen da ke da wayar yana kallon cikin inji, kuma idan tsohon ya riga ya yanke wa ƙarfen zobe, sabon ma yakan yi yoyo. Kowane noti yana da gwargwadon ɗaurin da littafin motar ya faɗa, wanda sai da sifana mai awo ake samunsa. A ƙarshe, kafin a taɓa makulli, ana juya karanshaf da hannu cikakken juyi biyu, a saurari ko wani abu ya tokare, a sake duba alamomin faifan. Gaɓoɓin sarƙa masu launi, waɗanda aka daidaita da alamomin faifan, ba za su dawo wurinsu ba bayan juyi biyun, abin da kan firgita sabon shiga ya kwance aikin da yake daidai.

Irin wannan bayani na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa al'adar karatun Sakkwato ta nace a kan ɗaukar ilimi daga bakin malami, har a kai ga ijaza, wato izinin da malami ke ba ɗalibi bayan ya gamsu da shi, kuma garejin kanikawa, inda yaro ke shekaru yana wanke noti da miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa tayimin, a kan wannan tsari yake ko da bai san sunansa ba. Hoton bidiyo a waya yana nuna aikin da ya tafi daidai a injin wani, ba ya ganin hannun mai kallo balle ya tsawata masa. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa shekaru a gareji ba su ne ijaza ba, domin akwai tsofaffin kanikawa da ke ɗaure kowane noti da ƙarfin damtse, akwai kuma direban da ya karanta littafin motarsa ya auna komai ya fi su kiyayewa. Ma'aunin shi ne sanin abin da aikin ke nema da sanin inda sanin mutum ya tsaya, ba sunan sana'a ba, kuma mai motar da ya sauya sil da kansa amma ya kira gwani ya duba masa alamomin sarƙa kafin ya rufe murfi bai rage komai daga mutuncinsa ba.

Bayan duk wannan akwai saura, kuma musanta sauran kuskure ne daidai da fakewa da shi. Kasuwar kayan gyara cike take da jabu a cikin kwalaye masu kama da na asali, da kayan da aka ciro daga tsofaffin injinan Turai waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, kuma taurin ƙusoshin sarƙa ko ingancin robar sil ba abu ne da ido ko yatsa ke ganewa a bakin shago ba. Mutum yana iya sayen kaya a wurin wanda aka sani da amana, ya biya kuɗin na asali, ya daidaita alamomi, ya auna ɗauri, ya juya injin da hannu sau biyu, sannan sarƙar ta miƙe cikin 'yan watanni saboda ƙarfen da aka ƙera ta da shi a wata ƙasa mai nisa. A nan alhaki yana kan wanda ya yi algus da wanda ya sayar yana sane, mai motar kuwa yana tsaye a inda Malikiyya ke sauke lamuni daga mai sana'ar da shaida ta nuna abin ya halaka ba da sa hannunsa ba, kuma kalmar ƙaddara a bakinsa tana da ma'anarta duka biyu, ta tauhidi da ta wankewa daga zargi. Wahalar ita ce daga waje motocin biyu kamarsu ɗaya, kowace tana gefen hanyar Illela da bonet a buɗe da fasinjoji a ƙarƙashin inuwar ƙaya, kuma alƙali ko abokin tafiya ba shi da hanyar bambanta wadda jabu ya kayar da wadda ɗigon watanni ya kayar sai an kwance injin an duba kwanon mai, wani lokaci ma ko an duba ba a ganewa. Wanda ya ji kacau-kacau ɗin asuba, kuma ya san sau nawa ya zuba wa ɗigon ƙasa da ƙafa, shi ne mutumin da ke zaune a bayan sitiyari.